Uwar takarda da 'ya'yanta sun raba hanya: yaya kuke yi ne?

Malamin Badujala: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da damuwa, kuma na san akwai waɗanda suka riga ni cikin harkar nan. Ni nake kula da 'yan badujalar wata makarantar sakandare a nan cikin Kano. Saura mako biyu a yi gasar wasanni ta gidajen makaranta, mu ne za mu yi kiɗan fareti. Na rubuta kiɗan maci da MuseScore, wata manhajar rubuta nota a kwamfuta, layi goma sha ɗaya: kilarinet biyu, saksofon, tirampet biyu, turombon biyu, yufoniyom, tuba, ƙaramar ganga da babba. Da na gama sai na cire takardar kowane mai busa, na ajiye kowacce a fayil ɗinta daban, don in gyara zaman shafinta yadda nake so. Daga baya na ga buɗewar ta yi gajarta, na ƙara gida huɗu a farko (gida shi ne ɗan yankin da ake raba layin kiɗa da shi, kowanne da lambarsa). Na bi fayil-fayil ina ƙarawa, ashe na tsallake turombon na biyu da saksofon.

Jiya a wajen gwaji na ce a ɗauka daga gida na 33. Abin da ya fito ba ya sauraruwa. Yaran suna kallona, kowa yana rantsuwa abin da ke takardarsa ya busa, kuma gaskiya suka faɗa. Sai na ce to a ɗauka daga harafin C, ɗaya daga cikin haruffan da ake sa wa kiɗa don a san inda za a ɗauka a gwaji, nan ma aka ce babu C a takardar kowa sai ta kilarinet na ɗaya. Mun ɓata kusan awa guda, ga rana. Abin ya dame ni, domin yaran nan bayan an tashi suke tsayawa, wasu daga nesa suke zuwa. Don Allah yaya kuke yi uwar takarda, wadda ta haɗa layukan kowa, da 'ya'yanta, wato takardun masu busa ɗaya-ɗaya, su tsaya a magana ɗaya?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Sannu da ƙoƙari. Matsalar ta fara ne tun ranar da ka raba su fayil-fayil. Daga wannan lokacin ba kiɗa ɗaya gare ka ba, goma sha biyu ne, kuma babu wanda ya san halin da ɗan'uwansa yake ciki.

MuseScore ba ya buƙatar haka. Tun siga ta 2 da ta fito a 2015, takardun masu busa a ɗaure suke da uwar takarda a cikin fayil ɗaya. A siga ta 4 akwai maɓalli a sama da aka rubuta wa Parts, in ka danna za ka ga sunan kowane kayan kiɗa. Ka ɗauke su kamar tagogi a ɗaki ɗaya: ta ko wacce ka leƙa, kayan ɗakin dai su ne. Ka ƙara gida huɗu a uwa, sun shiga cikin 'ya'ya gaba ɗaya. Ka canza nota a takardar tirampet, ta canza a uwa. Abin da kowace takarda take riƙewa nata na kanta shi ne zaman shafi: inda layi ya karye, inda shafi ya ƙare, girman rubutu, da ɗan matsar da alama sama ko ƙasa. Wato ainihin abin da ya sa ka raba su, da ma kana iya yin sa ba tare da ka raba ba.

Maganar harafin C kuwa, ina kyautata zaton rubuta shi ka yi a matsayin rubutun layi ɗaya, a kan layin da ke can sama. Shi ya sa ya tsaya a kilarinet. Manhajar tana bambanta rubutun da ya shafi mutum ɗaya da wanda ya shafi kowa. Ctrl+T na mutum ɗaya ne. Ctrl+Shift+T na kowa ne. Harafin gwaji kuma nasa daban, Ctrl+M. A ido duk ɗaya suke a kan uwar takarda, sai ka buɗe 'ya'yan ne za ka ga wanda ya bi da wanda bai bi ba.

Malamin Badujala: Wallahi haka na yi, Ctrl+T na danna na rubuta C na yi masa akwati. To yanzu in watsar da fayilolin nan goma sha ɗaya ke nan?

Injiniya: Ka kwashe su ka sa a wata jaka ka rubuta mata "kada a taɓa". Kada ka goge tukuna, ƙila akwai gyaran da ka yi a cikinsu wanda bai koma uwa ba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba, sannan ka rabu da su.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. Yarana na ga abin da kuke tattaunawa, jikana ne yake rubuta mini. Na yi shekaru masu yawa ina riƙe da sandar badujala kafin in ajiye aiki. A lokacinmu babu kwamfuta. Akwai mai kwafe, da alƙalami da tawada da rula. In ya gama takarda ba ta zuwa hannun mai busa sai mutum biyu sun zauna a kanta, ɗaya yana karantowa daga uwa da ƙarfi, ɗaya yana bi da yatsa. Kafin ma a duba nota, gidaje ake fara ƙirgawa. Daga A zuwa B gida nawa ne, daga B zuwa C nawa ne. In lissafin ya yi daidai a kowace takarda, rabin fitina ta kau. Malam da ka yi wannan ƙirgar da minti goma ta ishe ka ka kama turombon ɗin nan.

Sannan ina so ku riƙe wani abu. Uwar takarda mutum ɗaya ne yake karanta ta, mai sanda. Abin da jama'a suke ji a fili daga 'ya'yan yake fitowa. Na sha ganin matasa sun ƙawata uwa kamar za a kai ta gasa, takardar mai tuba kuwa ko kallonta ba su yi ba.

Ni wannan ɗaurin da kuke yabo ina ɗar-ɗar da shi. Wani yaro da nake taimaka wa ya goge wata alama a takardar tirampet don ta yi masa cunkoso, ashe ya goge ta har a uwa. Ba mu gane ba sai a fili.

Injiniya: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka faɗa gaskiya ne, kuma shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Tunda ɗaki ɗaya ne, in ka miƙa hannu ta taga ka ɗauke kujera, ta bar ɗakin. Maganinsa shi ne a bambanta gogewa da ɓoyewa. A manhajar Sibelius kana iya zaɓar abu ka ce ya fito a uwa kaɗai ko a 'ya'ya kaɗai. Sababbin sigogin MuseScore ma suna da wurin da za ka ce a cire wasu alamomi daga 'ya'ya ko daga uwa. Sibelius har launi yake sa wa abin da ka matsar a cikin takardar mutum ɗaya, ya koma ruwan lemo, don ka san wannan ya bar wurin da uwa ta ajiye shi, kuma akwai umarnin da zai mayar da shi. Amma ƙirgar gidajen nan taku, Baba, babu manhajar da ta ɗauke mana ita. Ni ma daga yau zan riƙa yi.

Baba Mai Ritaya: To madalla. In dai za a ƙirga, ba ni da ja.

Anti Mai Piyano: Salama gare ku duka. Baba ina gaisuwa. Ni a Sabon Gari nake koyar da mawaƙan coci, kuma tawa matsalar ta fi ta Malam lauje. Mai ogan da masu tirampet biyu suna karanta nota a kan layi. Mawaƙa kuwa, su kusan arba'in, solfa suka sani, do re mi. Don haka kowace waƙa sau biyu nake rubuta ta: ɗaya a manhajar nota, ɗaya ina buga ta da hannu a Word, harafi da ɗigo da layi. Waɗannan biyun babu igiyar da ta ɗaure su sai ƙwaƙwalwata. Bara kafin Kirsimeti na sauya ƙarshen wata waƙa a ɓangaren alto, na gyara a nota, solfa ta tsaya a tsohon. Mata goma sha biyu suka yi mako uku suna haddace abin da na riga na soke. Da aka haɗa da ogan sai karo. Kuma kun san abin da baki ya riga ya haddace, cire shi ya fi koyar da sabo wuya nesa ba kusa ba. Wata dattijuwa har ranar bikin tsohon take ja.

Abin da nake yi yanzu: ina da littafi ɗaya na gyara. Duk abin da na canza, ko nota ɗaya ce, sai na rubuta kwanan wata, sunan waƙa, lambar gida, sannan gurbi biyu da zan sa alama, ɗaya na nota ɗaya na solfa. In gurbi ɗaya babu alama, ba na barci a kan aikin.

Wani abu kuma da ba a ambata ba: haruffanmu masu ƙugiya. In waƙar Hausa ce, ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa lafiya a kwamfutata, in na kai fayil ɗin shagon buga takardu sai su koma akwati-akwati, saboda babu irin wannan salon harafin a tasu na'urar. Tun da na koma kai musu PDF kaɗai abin ya daina.

Injiniya: Anti wannan na PDF ɗin babbar magana ce. A ƙara da girman takarda. Wasu fayilolin da ake saukowa da su daga intanet an tsara su a kan takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi kuma ta fi ta gajarta. Tamu milimita 210 ce da 297. In ba ka saita ba, mai shago zai matse ko ya yanke gefe. Kuma a duba kowace 'ya, don girman shafi yana cikin abubuwan da kowacce take iya riƙe nata.

Ɗan Zoo Road: Ni fa ina ta karantawa ina mamaki. Mu a situdiyo waƙa nawa muke fitarwa a wata, babu takarda ko ɗaya. Mawaƙi ya rera, mai kibod ya kama ki, wato matakin sautin da waƙar ta zauna a kai, a ɗora a manhajar FL Studio, an gama. Malam me zai hana ka koya wa yaran nan da kunne kawai? Maci ne fa, ba wani dogon abu ba.

Malamin Badujala: Ɗan'uwa a situdiyo mutum ɗaya ne yake buga duk kayan, ɗaya bayan ɗaya, in ya yi kuskure ya koma ya sake. Ni yara ashirin da shida ne za su busa a lokaci ɗaya, suna tafiya, sau ɗaya tak. Kuma duk shekara manyan suna gamawa su tafi. In a kunne na zuba, da su zai tafi. Takardar ce take zama ta jira 'yan aji ɗaya.

Jikan Sarkin Busa: Malam a nan zan ɗan saɓa maka. A gidanmu busa gado ce. Kakaki da algaita da ake yi a ƙofar fada da hawan salla babu wanda ya taɓa rubuta su a layi biyar, kuma ba su ɓata ba. Yaro yana tashi yana ji, yana bin uba, har taken kowane basarake ya zauna masa. Ba na raina takarda, don ni ma na koyi karatun nota, amma kada a ɗauka abin da ba a rubuta ba tafiya yake.

Malamin Badujala: Na karɓi gyara, Yaya. Sai dai ku yaron yana tare da ku tun yana rarrafe har ya yi gemu. Ni shekara shida ce iyaka, awa biyu sau biyu a mako.

Jikan Sarkin Busa: Wannan kuma haka ne. Kuma in ka lura mu ma muna da uwar takarda, sai dai mutum ce. In aka yi saɓani a kan take, wurin babba ake komawa, abin da ya ce shi ke nan. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Kai matsalarka sarakuna goma sha biyu ka naɗa.

Ɗan Zoo Road: To na fahimta. Gaskiya mu ma ciwon yana kama mu ta wata fuskar. An taɓa sakin waƙa da tsohon haɗi saboda fayil biyu suna da suna kusan ɗaya, mawaƙin ya yi fushi sosai, sai da aka sauke aka sake ɗorawa. Tambaya: in na fitar da MIDI, fayil ɗin da ke riƙe abin da na buga a kibod, daga wurina, zai zama takardar da masu busa za su iya karantawa?

Injiniya: Zai buɗe, amma sai ka yi shara mai yawa. MIDI yana riƙe daidai lokacin da yatsanka ya sauka, ba abin da kake nufi ba, sai ka ga notoci da hutu gutsi-gutsi. Sau da yawa sake rubutawa ya fi sauri.

Shugaban Zaure: Jama'a muhawarar kunne da takarda tana da daɗi, a buɗe mata nata wurin. Malam saura masa mako biyu, mu taimaka masa ya fita.

Mai Saksofon: Bari in shigo da wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato juyin ki. Malam ka duba wannan tun kafin ka sake bugawa. Kayan busa ba duka suke karanta abin da kunne yake ji ba. In kiɗa yana kan F a piyano, mai tirampet da mai kilarinet G za su gani a takardarsu, mai alto saksofon D zai gani, mai hon kuma C. Manhaja tana yin wannan da kanta, amma sai in tun farko ka gaya mata gaskiyar kayan da ke kan layin. Abin da mutane suke yi, su ɗauki layin piyano ko sarewa su canza masa suna zuwa saksofon. Suna ya canza, hali bai canza ba. Sai a miƙo mini takarda in busa, in fita daban da kowa, a ce ni ne ban iya ba. Wasu kuma sun ga haka sai su ɗaga notocin da hannu, takardata ta yi daidai, amma in aka kunna uwar a kwamfuta sai ta yi tsami, wani ya zo ya "gyara", mu koma gidan jiya.

Akwai maɓallin Concert pitch. In yana kunne kana ganin sautin da kunne zai ji, in yana kashe kana ganin abin da mai busa zai karanta. A uwa ka yi yadda ya fi maka sauƙi. A 'ya'ya dole ya zama a kashe kafin a buga. Ka buɗe kowacce ka duba alamar ki da idonka.

Kuma ku ji tausayinmu wajen zaɓar ki. In mawaƙa suka ce E suke so, mai tirampet alamar shaf, mai ɗaga nota, guda shida zai gani, ni kuma bakwai. Ɗan aji biyu ba zai iya ba.

Malamin Badujala: Nawa yana kan B filat, kuma na duba, saksofon ɗin na gaskiya ne, G yake nunawa. Amma ka tuna mini da wata. Masu yufoniyom biyu gare ni. Ɗaya daga tirampet ya koma, kilef ɗin sama ya iya (kilef shi ne alamar farkon layi da ke nuna sunayen notoci). Ɗayan kilef ɗin ƙasa ya koya. Kiɗa ɗaya, takarda biyu. Yaya zan yi ba tare da na sake haifar da fayil na daban ba?

Baba Mai Ritaya: Wannan tsohuwar magana ce. Tsarin Ingila da muka gada, a badujalar tagulla zalla kusan kowa kilef ɗin sama yake karantawa, har mai tuba, in ban da babban turombon. An yi haka ne don mutum ya bar wannan kayan ya ɗauki wancan yatsunsa ba su canza ba. A badujalar soja mai haɗe da kilarinet kuma sai ka tarar da na ƙasa. Mu takarda biyu muke kwafewa, mu ɗinke su a jaka ɗaya, duk wanda ya taɓa ɗaya ya san sai ya taɓa ɗayar.

Injiniya: Manhajar Dorico ta warware wannan tun siga ta 3.5 a 2020: layi ɗaya, ka fitar masa da takarda biyu, kowacce da kilef ɗinta da juyin kinta, duka a ɗaure. Amma wannan a sigar kuɗi yake. A MuseScore abin da nake yi shi ne in ƙara layi na biyu na yufoniyom a cikin fayil ɗin, in kwafe kiɗan a kai, in ɓoye shi a uwa. Gidaje da haruffa da maimai duk za su riƙa bin sa. Notocin ne ba za su bi ba. Don haka shi ne aikin ƙarshe: in an gama komai, a share layin a sake kwafewa gaba ɗaya, kada a tsaya bin nota ɗaya-ɗaya.

Haka ƙananan notocin tuni, waɗanda ake sa wa mai dogon hutu don ya ji inda zai shigo. A MuseScore da Sibelius kwafi ne, in ka canza asalin ba sa canzawa. A Dorico ne suke bi da kansu. Sannan in kana son zaman lafiya kada ka cusa tirampet na ɗaya da na biyu a layi ɗaya don uwa ta yi kyau. Kowa da layinsa.

Anti Mai Piyano: Injiniya ina da ja a kan abu ɗaya. Na taɓa jin ka ce gyara a uwa kaɗai ake yi. Ni kuskure a takardar mutum ɗaya nake ganinsa, don a can ne layin yake shi kaɗai ido ya kama. In a ɗaure suke, me ya hana in gyara a can?

Injiniya: Nota ɗaya ko alamar ƙarfi, gyara a can babu laifi, Anti, zai koma uwa. Abin da nake tsoro shi ne gyaran da ya shafi jiki duka, kamar ƙara gida, cire gida, maimai, canza ki. Ka cire gida a takardar kilarinet don a wurinsa hutu ne, ka manta a wannan gidan ne turombon yake da magana. A uwa kana ganin wanda za ka taka.

Anti Mai Piyano: To a nan mun haɗu. Amma ni ba zan fasa karanta kowace 'ya daga farko har ƙarshe kamar ni ce mai busawa ba. A nan nake ganin inda juya shafi ya faɗa tsakiyar jimla, hannu biyu duk suna kan kaya.

Tsohon Ɗalibi: Ina gaida iyayena da yayyena. Ni a manhajar Finale na koya, ina da ayyuka sun fi na shekara goma a ciki. A watan Agusta na 2024 kamfanin ya sanar ya daina ci gaba da shi, bayan tun 1988 ake amfani da shi, suka ce masu shi su koma Dorico a kan dala 149. Abin da na koya wajen kwashe kaya: MusicXML, irin fayil ɗin da ake kai kiɗa da shi daga wata manhaja zuwa wata, yana ɗauko notoci da kalmomi da yawancin alamomi, amma wahalar da ka sha wajen tsara shafin kowace 'ya sai ka sake ta. Don haka duk aikin da ya kammala ina ajiye shi kashi uku a jaka ɗaya: fayil ɗin asali, MusicXML, da PDF na uwa da na kowace 'ya. Ko manhaja ta ƙi buɗewa wata rana, PDF zai nuna mini yadda abin yake a ranar da aka busa shi.

Baba Mai Ritaya: Yaro ka yi tunani. Bari in ƙara muku da abin da na gani kwanan nan. Da aka sa hannu a dokar komawa tsohon taken ƙasa ranar 29 ga Mayu 2024, kwatsam kowace badujala ta shiga neman takarda. Wanda aka ajiye ɗin tun 1978 ake busa shi, kiɗansa kuma Benedict Odiase ne ya tsara, shugaban badujalar 'yan sanda na wancan lokaci, don haka yawancin masu busa na yanzu da shi suka tashi. Wata ƙungiya da nake leƙawa, kowa ya shiga waya ya nemo nasa. Da na je na tarar da tsari uku daban-daban a kan sanduna, masu tirampet da nasu, masu turombon da nasu, biyu ma ba ki ɗaya ba. Kowace takarda ita kaɗai ba ta da laifi. Uwayensu ne daban. Na sa aka tattara duka, aka zaɓi ɗaya, aka fitar wa kowa daga ita.

Shi ya sa nake ce muku ɗaurin kwamfuta iyakarsa bakin injin bugawa. Takarda na fita ta zama mai zaman kanta. Wayar nan kuma ta ƙara dagula abin, don an tura sabo, yaro ya buɗe tsoho da ke can sama.

Mai Saksofon: Wallahi Baba kun taɓo inda yake ciwo. Mu abin da muka tsayar: mutum ɗaya ne yake riƙe da fayil, shi kaɗai yake fitar da PDF. A ƙasan kowane shafi akwai kwanan wata, manhajar tana iya sa shi da kanta. Kafin a fara gwaji mai sanda ya ce kowa ya karanto kwanan da ke ƙasan takardarsa. In an raba sabuwa, a karɓi tsohuwa hannu da hannu, ba a ce "ku yar" ba, don ba sa yarwa.

Baba Mai Ritaya: A karɓa, amma kada a ƙona sai an karanta fensirin da ke jiki. Mai busa yana gyara abubuwa a takardarsa bai gaya wa kowa ba: inda zai ja numfashi, notar da ya ji ba daidai ba, gidan da mai sanda ya ce a tsallake. In ka buga sabuwa ba ka kwashe waɗannan ba, ka mayar da su baya.

Malamin Badujala: Jama'a na dawo da labari, yau muka yi gwaji. Daren shekaranjiya na zauna na koma fayil ɗaya. Na goge haruffan da na rubuta da hannu na sa na gaskiya, A zuwa E, duk sun fito a kowace takarda, har dogon hutun masu turombon ya rabu daidai kan harafi. Na ƙirga gidaje yadda Baba ya ce, ni da wani malamin lissafi, yana karantowa ina bi. Na sa kwanan wata a ƙasa, na kai PDF aka buga.

Da na karɓi tsofaffin takardun na bi fensirinsu. A ta kilarinet na biyu, wata yarinya 'yar aji huɗu ta zagaye wata nota ta rubuta filat, alamar sauke nota, a gefenta. Na duba uwa, ashe tun ranar farko kuskuren yana can, E na rubuta a maimakon E filat, kuma da na buga sabuwa da shi za ta sake fitowa. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, ta ce kunya ta ji ta ce Malam ya yi kuskure. Na gyara a uwa, na sake buga tata, kuma na gaya wa dukansu a gabanta cewa duk wanda ya ji nota ba ta zauna ba ya ɗaga hannu.

Mun ɗauka daga C sau uku, kowa ya shigo tare. Saura takardar yufoniyom ta biyu, na bar ta sai ranar Laraba in na tabbata ba zan ƙara taɓa komai ba.

Anti Mai Piyano: Mun gode Allah. Ka riƙe yarinyar nan da kyau, Malam, tana da kunne.

Injiniya: Madalla. Ka tura wa kanka kwafin fayil ɗin ta imel yau ɗin nan, kada ka dogara da filash kaɗai.

Baba Mai Ritaya: Allah ya yi albarka, ɗana. Tunda da tafiya za su busa, ka rage takardun su zama rabin A4, kiɗan duka a fuska ɗaya, ka manna su a kan kwali. Ka duba notocin ba su ƙanƙance sun fi ƙarfin ido ba. Masu ganga da za su tsaya a gefe kafin a fara, ka saya musu maƙalin shanya bibbiyu, iskar filin nan ba ta barin takarda a kan sanda. Ƙarfe nawa za a fara? In jikina ya bari zan sa a kawo ni.

Malamin Badujala: Ƙarfe tara na safe, Baba, ranar Asabar. Ni da kaina zan zo in ɗauke ku.